Kafin a Hau Gangirwal: Jawabi ga Samarinmu na Nguru da Gashuwa

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron ƙarshen wata da aka yi a Nguru)

 



An nemi in yi magana a kan takardar da reshen matasa ya kawo wa kwamiti, inda samari goma sha biyu suke neman izinin iyaye da gudunmawar ƙungiya don su je Jihar Taraba su hau Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya. Na san gidaje sun rabu biyu a kan maganar. Wasu na cewa wannan aikin Turawa ne da marasa abin yi, wasu na cewa tafiya mabuɗin ilmi ce. Dalilin da ya sa aka ɗora mini wannan nauyi shi ne na yi aikin malamin dabbobi a tsaunin Mambila zamanin tsohuwar Jihar Gongola, kuma na tunkari dutsen nan sau biyu. Sau ɗaya na kai ƙololuwa. Ɗayan kuwa, da kyar muka dawo da ɗan'uwanmu da ransa.

Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu don kada a zauna ana jira. Ni ina ganin a bar su su tafi. Amma ba da wannan tsari da suka rubuto ba. Takardar ta ce za a tafi a watan Agusta saboda dogon hutu, kwana shida zuwa da dawowa, kuma ban ga inda aka rubuta wane ne shugaban tafiyar ba. Waɗannan abubuwa uku, kowanne ɗaya ya isa ya jawo mana zaman makoki.

Da farko mu san wurin. Gangirwal yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A wannan shekarar dai, ranar 27 ga Agusta, gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro Yobe daga Borno, ta kuma raba Gongola ta fitar da Taraba, don haka jihohin nan biyu tagwaye ne. Dutsen yana kan iyakarmu da Kamaru sosai. Yankin ma gaba ɗayansa sai a 1961 ya shigo Nijeriya, bayan ƙuri'ar raba gardama, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Tsayin ƙololuwar mita 2,419 ne daga bakin teku. Mu nan Nguru ba mu kai mita 400 ba. Wato fa wurin da kuke son zuwa ya ɗara mu sama da kimanin kilomita 2, a miƙe.

To, mu mutanen fili ne. Kakanninmu da suka biyo jirgin ƙasa lokacin da layin dogo ya iso nan daga Kano a 1930, cinikin gyaɗa da ƙaro da fata ya kawo su. Ƙasar da suka zauna shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, fadama da jigawa da kwalekwale. Ɗan Nguru in ya ce wuri kaza kilomita goma ne, ya san awa biyu ne a ƙafa, shi ke nan. Wannan lissafi ba ya aiki a dutse. Wani mutumin Sikotlan mai suna Naismith ya fitar da ƙa'ida tun 1892, har yau masu hawan dutse suna amfani da ita: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Mu ɗauka zangon yini kilomita 15 ne, da hawan mita 900. Awa uku da awa ɗaya da rabi, awa huɗu da rabi ke nan. Amma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne da ya saba, ba kaya a bayansa, ba tsayawa salla, ba mai ciwon ƙafa. Ku da kuke goma sha biyu, ku lissafa awa bakwai, ku gode wa Allah in kun yi a haka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A can za ka ga ƙololuwa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali tsakaninku akwai kwazazzabai uku da ba ka gani.

Alhazan da suka hau Jabalun Nur a Makka don ganin kogon Hira za su shaida. Wancan hawa na awa ɗaya ko biyu ne, da matakala, da masu sayar da ruwa a hanya, amma suka sauko gwiwa na rawa.

Yanzu maganar Agusta. 'Ya'yana, Agusta tsakiyar damina ce a can, kuma daminarsu ba irin tamu ba ce. Tamu wata uku ce zuwa huɗu, muna roƙon ruwa. Tasu tana farawa wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma ruwan da suke samu a shekara ya ninka namu sau uku ko fiye. Hanya takan zama jan taɓo mai santsi kamar sabulu. Ciyawa takan fi mutum tsawo. Rafin da ka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, ka dawo da la'asar ka tarar yana tafiya da itatuwa. Na san samarin Gashuwa za su ce sun iya ruwa, a kogin Yobe suka girma. Gaskiya ne, amma ruwanmu mai tafiya ne a hankali a kan yashi. Na dutse gangarowa yake yi da gudu a kan duwatsu, ba ya ba ka damar yin iyo, kwashe maka ƙafa yake ya buga kanka. Ga kuma aradu, wadda kan tudu marar itace mutum shi ne abu mafi tsawo a wurin. Lokacin hawa shi ne daga Disamba zuwa Maris. Ni Janairu ko Fabrairu zan zaɓa. Ku duba kalanda kada ya faɗa cikin azumi, kuma masu makaranta su nemi hutun da ya dace ko su haƙura sai wata shekara.

Amma rani ma yana da nasa, wato sanyi. Masana sun auna cewa duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Ku lissafa, kan dutsen zai fi nan sanyi da digiri 13 ko kusa da haka, kafin a sa iska a lissafi. Ku tuna daren da jaura ta fi tsanani a nan, lokacin da tsofaffi ke kwana da kasko, sannan ku rage digiri 13. Akwai wani dutse a gandun da Fulani suke kira Chappal Hendu, kuma hendu da Fulatanci iska ke nan. Ba banza suka sa sunan ba.

A nan zan ba ku labarina, ko da yake ba na jin daɗin ba da shi, don laifina ne. Karon farko mun tashi mu huɗu a ƙarshen damina, bayan mun gama allurar shanu a rugagen da ke ƙasan dutsen. Wani dattijo Bafulatani ne ya yi mana jagora. Wajen hantsi ya tsaya, ya dubi gabas, ya ce mu koma. Ni kuwa ina saurayi, ga kakin gwamnati, ga rana tana haske, na ce masa ba mu zo nan don mu koma ba. Ya yi shiru, ya wuce gaba, don kunyar baƙo. Kafin azahar gajimare ya sauko ya rufe mu, har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku biyar. Ruwa ya kece. A cikinmu akwai wani yaro siriri, rigar yadi ce kawai a jikinsa. Ya jiƙe sharkaf, ya fara karkarwa, sai ya fara tuntuɓe, maganarsa ta koma kamar ta mashayi. Daga baya karkarwar ta tsaya, ya ce shi a bar shi ya ɗan kwanta. Ni na ɗauka sauƙi ya samu. Dattijon nan ne ya ce a'a, wannan mutuwa ce take sallama. Muka goya shi bi da bi har wata ruga, aka cire masa jiƙaƙƙun kaya, aka naɗe shi da bargo kusa da wuta, da ya farfaɗo aka ba shi nono mai ɗumi da sukari. Sai daga baya na karanta cewa jikin mutum digiri 37 yake, in ya sauka ƙasa da 35 hankali ya fara gushewa, kuma tsayawar karkarwa alama ce ta abin ya yi nisa. Ba sai an yi ƙanƙara ba. Jiƙa da iska da yunwa sun isa. Har yau in na tuna fuskar uwar yaron nan, wadda da ni zan je in yi wa bayani, sai gabana ya faɗi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a takardarku, wato rashin shugaba. Kun rubuta cewa komai za a yi da shawara. Shawara tana da kyau a zaure. A kan dutse, cikin hazo, mutum goma sha biyu ba sa shawara, gardama suke yi, kuma mai babbar murya ne yake ci.

Ba sai mun aro tsari daga Turawa ba, muna da namu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da waɗanda suka riƙa shiga Adamawa neman hauren giwa, ba sa tashi sai da madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba a gaba, mai sanin hanya da zango da mashaya. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da addu'a. Kuma ƙasar da za ku je ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Madugu Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa Bajamushe Flegel jagora a ƙasar Adamawa har Ngaundere, har ma ya bi shi Balin a 1884, irin waɗannan tsaunuka ya taka da ayari. Su ba don sha'awa suka yi ba, amma sun san abin da ke mayar da mutane gida.

Don haka ku zaɓi madugu tun a nan, gaban iyayenku. Kada ku zaɓi wanda ya fi ƙarfi ko wanda ya fi kuɗi. Ku zaɓi wanda zai iya cewa a koma, a zage shi, ya jure. Ku sa mutum na biyu mai haƙuri ya riƙa zama a ƙarshen layi, kada kowa ya kasance a bayansa ko da fitsari ya tsaya. Tafiyar ayari tafiyar mai rauni ce, shi za a sa kusa da gaba. Jagaba kuwa ba daga cikinku zai fito ba. Hedikwatar gandun tana Serti, can za ku yi rajista ku biya kuɗin shiga, su haɗa ku da ma'aikacin gandun daji, kuma a ƙauyen ƙarshe ku ɗauki ɗan ƙasa da 'yan dako, ku yi ciniki a fili kafin a tashi, ku ciyar da su abin da kuke ci. In jagaba ya ce a koma, madugu ya ce a koma. Da ɗan gari akan ci gari.

Sannan ku yanke lokacin juyawa tun kafin ku bar zango. Misali, in ƙarfe goma sha biyu ta yi ba a kai ƙololuwa ba, a juya, ko da saura jifa ɗaya. Wannan ba tsoro ba ne. A watan Mayu na 1996, a dutsen Everest, ƙwararrun jagorori sun sa wa mutanensu lokacin juyawa, wajen ƙarfe biyu na rana, amma da aka ga an kusa sai aka yi ta ci gaba, wasu har ƙarfe huɗu. Guguwa ta same su a hanyar saukowa, mutum takwas suka mutu, har da Rob Hall, shugaban ɗaya daga cikin ayarin. Namu dutsen bai kai sulusin wancan ba, kuma ciwon ƙarancin iska da ke kama masu hawa yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, don haka ku haki kawai za ku sha. Amma halin ɗan'adam ɗaya ne ko'ina: in ya ga ya kusa, ba ya son a ce masa koma. Kuma ku sani ƙololuwa rabin tafiya ce. Saukowa ta fi cin gwiwa, kuma a nan aka fi faɗuwa, don an gaji kuma hankali ya riga ya tafi gida.

Kwana shida kuwa, ban san wanda ya yi muku lissafin ba. Daga nan zuwa Gashuwa, Potiskum, Gombe, Kaltungo, a haye Binuwai a Numan, a shiga Jalingo, sannan Bali, sannan Serti, kwana biyu ne cur in mota ba ta lalace ba, kuma ban yarda ku yi tafiyar dare ba ko ta awa ɗaya. Daga Serti akwai doguwar hanya ta ƙauyen Gashaka, ta cikin kurmi, wadda take cin sama da mako. Wannan ba taku ba ce a karon farko. Mafi sauƙi ita ce a bi titin Gembu, a hau tsaunin daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, a sauka Nguroje, a ɗauki acaɓa zuwa Njawai, daga nan sai ƙafa. Ku kwana a kan tsaunin kafin ku fara, jiki ya san sanyin. Ku ware kwana goma, biyu daga ciki na ko-ta-kwana. Kuɗi ma haka: bayan kun gama lissafi, ku ƙara sulusi, a raba shi hannun mutum uku, tsaba, don kada ku dogara da waya a can.

Kaya ba zan daɗe a kansu ba. Takalmi mai kauri wanda ƙafa ta saba da shi, kada wanda ya sayi sabo ana gobe tafiya. Safa uku. Rigar sanyi ta ulu daga 'yan gwanjo, da rigar ruwa, da hular sanyi, da kaya guda a ƙulle cikin leda waɗanda ba a taɓawa sai dare. Babbar riga a bar ta gida. Tanti, bargo, tocila, ashana a cikin leda, da sanda irin ta Fulani. Guzuri kuwa namu ya fi na gwangwani: kilishi, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, garin kwaki da sukari, gyaɗa, shayi. Ruwan rafi a tafasa shi, duk kyansa, don shanu suna sha a sama. Ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishi, sanyi yana ɓoye ƙishirwa, kuma mu da muka san yadda ciwon ƙoda ya addabi gidaje a Gashuwa bai kamata a roƙe mu a kan wannan ba. Wanda gudawa ta kama, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Ku tafi da maganin zazzaɓin cizon sauro da bandeji. A ƙasa wajen kurmi akwai tsando, ku sa dogon hannu. In maciji ya sari mutum, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure wa tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauke shi zuwa asibiti. Kaltungo da za ku wuce akwai asibitin da ya shahara a kan saran maciji, amma daga kan dutse yana da nisa ƙwarai, don haka ku duba inda kuke sa hannu da ƙafa. Hukuncin ƙasaru da taimama kuwa, ga malamai nan, ku zauna da su kafin ku tafi.

Jiki kuma sai an shirya shi, wata uku aƙalla. Ƙwallon da kuke bugawa da yamma ba ta isa ba. Ku ɗauki jaka mai kilo 10 ku yi tafiyar awa huɗu duk Asabar. Ku je Machina, ga ta nan kusa, ku hau duwatsunta ku sauka sau da yawa a yini guda. In hali ya yi kuma hukuma ta ce hanya lafiya, tuddan yashi na Tulo-Tulowa a Yusufari suna koya wa cinya abin da fili ba ya koya mata. Wanda ya kasa waɗannan, ko mai asma ko ciwon sikila ko ciwon zuciya da likita bai sa masa hannu ba, madugu ya cire sunansa, ko ɗan wane ne. Gara ya yi fushi a Nguru.

Saura abu ɗaya, kuma ku da kuka tashi a ƙasar Manga da ƙasar Bade kun fi kowa saninsa: yadda baƙo yake zama. Mambila ƙasa ce mai mutanenta, Mambilawa da Kaka da Fulani da sauransu, kuma ta ga rikicin manoma da makiyaya, na 2017 ya ci rayuka da yawa. Ba ruwanku da wannan zance, kada ku tambaya, kada ku ba da ra'ayi. Duk ƙauyen da kuka shiga ku fara gaida jauro, ku riƙe goro da ganyen shayi da sukari na gaisuwa. Kada ku ɗauki hoton matan mutane. Kada ku taɓa naman daji, doka ta hana, ko ɓauna ce ko biri. Kada ku bar wuta a ciyawar rani. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, don taku kaɗan ne tsakaninku da Kamaru. Kuma mako guda kafin tashi a kira ofishin gandun a tambayi halin tsaro na hanya da na dajin. In suka ce a dakata, an dakata.

Shugaban taro, shawarata ga kwamiti ita ce a mayar wa samarin nan takardarsu. Su sake rubuto ta da watan Janairu, da kwana goma, da sunan madugu da na mai tsaron baya, da zangon kowane dare, da ranar da in ba a ji daga gare su ba za mu kira Serti. In sun kawo wannan kafin taron wata mai zuwa a Gashuwa, ni zan fara sa hannu, kuma sandata da na hau da ita karo na biyu tana nan, zan ba madugu aro.

Na ga hannun Hajiya a can baya tun ɗazu. Allah ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya. Wassalamu alaikum. Bismillah Hajiya, muna jin ki.